Doyar da Ta Cinye Ɗakina

Har yau idan na ji babba yana ce wa yaro ya riƙa karɓo abinci daga gida don ya rage kashe kuɗi a gari, sai in tuna da abin da ya same ni. Ni ma an ba ni wannan shawarar, na kuma bi ta da zuciya ɗaya, ita ce ta raba ni da ɗakin farko da na taɓa kamawa da gumina.

Mu mutanen Agwada ne. Baba ya rasu tun ina sakandare, Mama ce ta ci gaba da gonar doya da rogo da ɗan riɗi. Da na samu shiga makaranta a Keffi sai aka ajiye ni a gidan Anti, ƙanwar Mama, wadda mijinta ke bin motar Abuja kullum da sassafe zuwa aiki. Ba zan ce Anti ta zalunce ni ba. Ta ba ni ci, ta ba ni wurin kwana a ɗakin 'ya'yanta. Amma duk wanda ya taɓa zama a gidan dangi ya san abin da ake biya. Ni ce wanke-wanke, ni ce shara, ni ce wankan yara da kai su makaranta, kuma ko na gama karatu na fara koyarwa a wata makarantar kuɗi ba abin da ya canja. Zan dawo da tarin littattafan ɗalibai a hannu in tarar da tarin kwanuka suna jirana. Idan na shimfiɗa littattafan a kan gado, ƙaramin ɗan Anti ya zo ya zuba musu koko.

Ba wani babban abu nake nema a duniya ba a lokacin. Ƙofa nake so, wadda zan rufe in juya makulli, in san cewa ba mai buɗe ta sai ni.

Na fi shekara ina tara kuɗin. Na shiga adashen malamai, na riƙa yi wa 'ya'yan wani mai kanti darasi da yamma, na daina ɗinkin anko ko na wa ne. Da na ɗauki adashe na je neman ɗaki, nan na fara sanin cewa kuɗin haya shi ne ƙaramin abin da ake biya. Ejan, wato dillalin gidaje, sai ka ba shi kuɗi kafin ma ya ɗaga ƙafa ya nuna maka gida. Idan ka ce kana so, ga kasonsa, ga kuɗin yarjejeniya, ga wani kuɗin ajiya wai ko da za ka fasa wani abu, a ɗakin da babu abin fasawa sai bango. Na biya duka ina cije baki. A unguwar Gangaren Tudu na samu, ɗaki ɗaya a gidan haya mai ɗakuna jere suna kallon juna, banɗaki na kowa da kowa, taga ɗaya tana kallon bayan wani shago. Na sayi katifa, da ƙaramin silindan gas, da tukwane biyu, da labule. Ranar da na kwana a ciki na farko, na rufe ƙofar na buɗe, na sake rufewa, ina dariya ni kaɗai.

Ni ba sakarya ba ce wajen kuɗi, lissafi ma nake koyarwa. Na san haya shekara-shekara ake biya, albashi kuwa wata-wata yake zuwa, idan ya zo ke nan. Sai na samo gwangwanayen madara uku. Na farko na haya ne, duk wata in jefa masa rabonsa kafin in taɓa komai, na naɗe murfinsa da salatif don kada hannu ya yi saurin shiga. Na biyu na wuta da ruwa da gas da kuɗin mashin zuwa makaranta. Na uku na cefane, da sabulu, da katin waya, da baikon da ake sakawa a coci ranar Lahadi. Wannan na ukun shi ne mafi ƙanƙanta, kuma da gangan na yi shi haka, domin da na gaya wa Mama zan kama ɗaki abin da ta ce shi ne, “Abinci kam kada ki sa shi a lissafi. Muna noma ki sayi doya a kasuwa? Zan riƙa aiko miki.”

Na yi murna. Na cire doya da gari da man ja daga lissafi, sai komai ya zauna daidai, har da ɗan rara. Na ɗauka za ta ba direban motar kasuwa ne, ya kira ni in je tasha in karɓa in ba shi na lemo.

Na manta da inda na fito. A wurinmu ba a ba direba abincin ɗa. Abin kunya ne, kamar kana shela cewa ba ka da dangi. Mutum ake ba, na jini, ya ɗauko ya kawo har ƙofa, ya ga yadda kake zaune, ya koma ya ba da labari. Shi kuma wanda ya kawo, ba a karɓar kaya a ce masa sai an jima. Baƙon uwarka ne. Sai ka dafa masa abinci da nama, don kada ya koma ya ce ya tarar kana shan wahala ko kana rowa. Sai ya kwana. Idan zai tafi ka ba shi kuɗin mota, na zuwa da na komawa, ka kuma haɗa tsarabar mutanen gida: burodi, sukari, garin sabulu, ɗan gishiri. Na san duk wannan tun ina yarinya, na sha cin burodin da aka kawo ta wannan hanyar. Ban dai taɓa tsayawa a ɓangaren mai biya ba.

Wanda ya fara zuwa shi ne Kawu, yayan su Mama da Anti. Dogo ne, mai fara'a, mai son labari, kuma gwiwarsa ta daɗe tana damunsa. Na dawo daga makaranta na tarar da shi zaune a kan benci a ƙofar ɗakina, doya biyar ɗaure da igiya a gefensa da ƙullin garin alabo, har ya saba da maƙwabta.

“Malama da kanta,” ya ce. “Yanzu kam mun yi gida a Keffi.”

Na yi dariya, na durƙusa na gaishe shi. Ban gane nufin abin da ya faɗa ba sai daga baya.

Na ruga kasuwa na sayo nama da agushi, na daka sakwara da turmin aro. Doya biyu suka tafi a daren nan, don Kawu ba ya wasa da sakwara. Na bar masa katifata na je na roƙi wurin kwana wajen Madam, maƙwabciyata 'yar kudu mai shagon kayan masarufi a bakin titi, na kwanta tare da 'ya'yanta mata. Washegari ya ce tunda ya zo, bari ya nuna gwiwar nan a babban asibiti. Aka ba shi ranar dawowa jibi. To wa zai koma Agwada ya dawo jibi? Ya zauna. Kuɗin kati ni, kuɗin mashin ni, maganin da aka rubuta rabi ni. Ranar da ya tafi saura doya ɗaya, gas ɗina ya yi rabi, gwangwanin cefane kuwa sai ƙara yake idan an girgiza.

Na ce wa kaina na farko ne, ɗoki ne. Ashe labari Kawu ya kai gida, kuma labari mai daɗi: 'yar ƙanwarsa tana da ɗaki kusa da komai, tana da hannu a miya, ba ta da rowa. Daga nan Mama ba ta ƙara rasa ɗan aike ba. Duk wanda ke da wata buƙata a Keffi sai ya biya ta gidanmu ya ce, “Ba saƙo wajen Malama?” Mama kuma ta ji daɗi ana tunawa da 'yarta, ta shiga rumbu ta fito da doya uku ko huɗu. Mai bin kuɗin fanshon mijinta ta zo. Mai neman wa ɗansa gurbi a jami'a ya zo, da ɗan. Matar ɗan Kawu ta zo awon ciki. Wata da ban ma san yadda muka haɗa dangi ba ta zo sayen kayan auren 'yarta, ta yi kwanaki tana cika mini ɗaki da robobi. Kowa da doyarsa a hannu kamar tikiti. Kawu kuwa duk ranar asibitinsa ta zagayo yana nan.

Gidan hayar nan kuma yana da tasa doka. Kuɗin ruwa da na kwasar masai da kai ake rabawa, ba da ɗaki ba, kuma duk wanda ya wuce kwana biyu ya zama kai. Mai kula da gidan ba ya mantuwa. Ni da na yi lissafin mutum ɗaya, wata bayan wata ana rubuta mini mutum biyu, wani lokaci uku. Wuta ma aka ƙara mini, wai fankata ba ta hutawa da rana. Gaskiya ne, ba ta hutawa. Ina aji ina fama da 'ya'yan mutane, wani yana kwance a katifata yana shan iska.

Madam ce ta fara faɗa mini a fili. Na je karɓar burodi da sukari bashi don sallamar wata baƙuwa, ta dube ni ta ce da irin Hausarta, “Ticha, wannan doya naka, nawa ne guda ɗaya? Ni ina saya kasuwa, ban kai rabin naka ba. Kuma nawa ba ya kwana.”

Na yi dariya don kada in yi kuka a shagon mutane. A hanya na lissafa. Abin da nake kashewa a kan kowane mai kawo doya huɗu zai saya mini doyar da zan ci wata guda, in zaɓa da hannuna, in ci ni kaɗai.

Na kira Mama, na lallaɓa. Na ce ko za ta riƙa ba direba, don kada a riƙa wahalar da mutane.

“Wace wahala? Ai hanyarsu ce.”

“Mama, ni nake wahala. Kuɗin ba ya isa.”

Ta ce, “Ki rufa mini asiri. Yanzu in ce wa yayana kada ya je wajenki? Da wane bakin? Lokacin da babanku ya rasu su wa suka yi mana huɗar doya?”

Abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Bashin da aka ci tun ina sakandare, ba a tambaye ni ba, ba a gaya mini nawa ne ba, ba a gaya mini ranar da zai ƙare ba, ni ce kuma aka miƙa wa in biya da albashin da ko cikakken wata ba ya kaiwa.

Wata rana matar ɗan Kawu ta zo awo aka ce sai an kwantar da ita, mijin kuma bai zo da ko sisi ba. Suna tsaye a ɗakina suna kallona. Na ɓare salatif ɗin gwangwanin haya. Aka ce za a mayar mini bayan an sayar da riɗi. Riɗi ya nuna, aka yanke, aka sayar, ban ga kowa ba sai wani sabon baƙo da doya. Bayan wannan kuwa gwangwanin bai ƙara rufuwa da kyau ba, don makarantarmu ma ta fara jinkirin albashi, baƙo kuma ba ya jiran albashi.

Da shekara ta kusa cika mai gidan ya zo. Tsohon ma'aikaci ne, ba mugu ba, da hayar yake ci. Ya ce ya ƙara kuɗi saboda ɗaliban jami'a suna bin sa da fiye da haka, har su biya shekara biyu a haɗe. Ko bai ƙara ba abin da ke hannuna bai kai rabi ba. Na roƙe shi ya karɓa in cika masa daga baya, ya ce ya taɓa yi wa wani haka ya sha wuya. Ya ba ni zuwa ƙarshen wata.

Na nemi rance a makaranta aka ce babu. Adashe kuma ɗaukata tana can gaba. Sai na ce to, ai ɗakin nan ba ni kaɗai na more shi ba. Ranar Asabar na shiga motar Agwada.

Na same su a gindin mangwaron ƙofar gidan Kawu bayan an taso daga gona. Kusan duk wanda ke wurin ya taɓa kwana a katifata. Na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, na zauna a ƙasa kusa da Mama, na faɗi abin da ya kawo ni. Ban ce a biya ni komai ba. Na ce a ranta mini, kowa abin da ya samu, in mayar idan na ɗauki adashe.

Mai fansho ta shiga gyara ɗankwali. Mijin mai awo ya tuna akuyarsa ta kwance. Kawu ya gyara zama, ya miƙe gwiwar da na saya wa magani, ya yi gyaran murya.

“'Yata, ke da kike ɗaukar albashi za ki zo wajen manoma neman kuɗi? Ai sai a yi mana dariya.” Ya ɗan dakata. “Kuma tunda kin kawo maganar, bari in faɗa miki abin da muka daɗe muna faɗa. Mace ba aure, zaune a ɗaki ita kaɗai a gari, ba tsari ba ne. Mutane suna magana. Ga gidan ƙanwata nan, me ya kore ki? Wataƙila Allah ne ya kawo wannan don ki koma inda ido zai riƙa ganinki.”

Sauran suka gyaɗa kai.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, “Kawu, ni kaɗai? Yaushe na zauna ni kaɗai? Ku faɗa mini satin da na kwana a ɗakin nan ni kaɗai. Da kuke kwana a ciki ba ku san ba tsari ba ne? Da kuke cin sakwara mutane ba sa magana?”

Mama ta ja zanena tana cewa in zauna, in zauna. Na ci gaba. Na ce wa mai fansho ta tuna kwanakin da ta yi. Na ce wa mijin mai awo, da ya dawo da akuyarsa, ina kuɗin riɗi. Ban zagi kowa ba, amma a wurinmu yarinya ta tsaya a kan ƙafarta tana lissafa wa manya abin da suka ci, ya fi zagi. Kawu bai ɗaga murya ba. Ya juya wajen Mama ya ce, “Kin ga abin da zaman kai yake jawowa.”

A ɗaki Mama ta yi kuka, ta ce na kunyata ta. Ta kwance bakin zaninta ta ba ni abin da ke ciki, kuɗin da bai wuce na motata ba. Na san shi ke nan abin da take da shi. Na ji tausayinta, na kuma ji haushinta, duka biyun a lokaci guda, har yau kuma ban raba su ba. Ta san abin da ake yi mini tun farko. Ta zaɓi ta zauna lafiya da yayanta, ni kuma in ji da sauran.

Ƙarshen wata ya zo. Na sayar wa Madam silindan gas na biya bashin shagonta. Kuɗin ajiyar da na bayar tun farko mai kula da gida ya ce ya tafi a fenti, wai baƙina sun ɓata bango da man shafawa. Ban ma tsaya musu ba. Na kira Anti na ce zan dawo, ta ce ai dama ɗakin yara yana nan, kuma ta yi kewar hannuna a kicin.

Ranar tashi na kira mai keke napep da hantsi. Kayan ba su da yawa: katifa a naɗe a sama, jaka biyu, tukwane a cikin bokiti. Na share ɗakin tas, ban san don wa ba. Ɗalibai biyu da za su shiga har sun zo suna auna taga. Ina cire labule na ji muryar da na sani tana gaisawa da maƙwabta a tsakar gida.

Kawu ne, da katin asibitinsa a aljihun gaba da doya uku a hannu. Ranar ganin likitansa ta zagayo. Abin da ya faru a gindin mangwaro, a wurinsa, yarinya ce ta yi rashin kunya aka kuma yafe mata. Ya leƙa ɗakin ya ga wayam, ya dubi ɗaliban, ya dubi katifar a kan keke, ya dube ni. Fuskarsa ta nuna damuwa ta gaskiya.

“To ni yanzu ina zan kwana?”

Na miƙa wa mai kula da gida makulli, na shiga keke. Kafin mai keken ya tayar, Kawu ya ɗora doyarsa a kan bokitina, ya ce in matsa, ya shigo ya zauna yana gyara gwiwa. Mai keke ya ce mutum biyu da kaya kuɗin ya ƙaru. Ni na biya.

Anti ta tarbi yayanta da murna, ta ce in yi sauri in ɗora ruwan sakwara, in leƙa kasuwa kafin nama ya ƙare. Da yamma ta sa aka kwance katifata aka shimfiɗa masa a ɗakin yara, saboda gwiwarsa ba ta son tabarma. Ni aka ba ni tabarmar, na shimfiɗa a falo bayan kujera.